Zauren Tambaya: Korona ta ci Italiya ta bar Zariya, ko mu ne ba mu ƙirga ba?

Wasiƙu huɗu ne suka zo a kan magana ɗaya, sai na haɗa su a wannan fitowa. Ga sababbin masu karatu, ni malamin asibiti ne, na yi shekara talatin da biyar ina karɓar marasa lafiya a nan Zariya kafin na ajiye aiki. A unguwa likita ake ce mini, na gaji da gyarawa na bari.

Tambaya: Malam, ni tela ne a kasuwar Sabon Gari. Har yau ni da wana ba mu gama gardama ba. Lokacin korona an ce gawa za ta cika titunan Afirka. Muka ga Italiya da Amurka suna ta binne mutane, mu kuwa muna cakuɗe a kasuwa da masallaci, ba takunkumi ba komai, ba mu ga abin da aka faɗa ba. Wana ya ce dama babu cutar, hanyar cin kuɗi ce. Ni na ce akwai ta, zafin ranarmu ne ya kashe ta. Wa ya fi gaskiya?

Amsa: Malam tela, ka gai da Yaya, ka ce masa na ce ku biyun duk kun sha ƙasa, amma shi ya fi ka buguwa.

Abin da kuka gani da ido ba ƙarya ba ne. Tun daga ranar 27 ga Fabrairun 2020 da aka samu cutar a jikin wani ɗan Italiya a Legas, mamatan da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, ta rubuta a Najeriya sun tsaya a kan 3,155, a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200. Wato kamar mutum 15 a cikin kowane miliyan. Italiya da Amurka kowacce ta haura 3,000 a miliyan, Peru ta wuce 6,000. Tazarar ta yi yawa, dole mai hankali ya tambaya.

Maganar rana dai ka ajiye ta. Birnin Gwayakil na ƙasar Ekwado zafi gare shi kamar tanda, a can ne aka riƙa ajiye gawa a bakin titi cikin Afrilun 2020 don an rasa masu ɗauka. Indiya kuwa a Afrilu da Mayun 2021 cutar ta fi yi mata ɓarna, tsakiyar bazararsu, wadda ta fi tamu ta Zariya ƙuna. Abin da zafi ya yi mana shi ne ya kore mu waje. Hirarmu a ƙofar gida, cinikinmu a rumfa, barcinmu a tsakar gida, taga a buɗe. Ƙwayar cutar ta fi son ɗaki rufaffe da numfashi ke taruwa, irin wanda Bature ke shiga ya kulle saboda sanyi. Wannan ya taimaka, amma ba shi ne babban dalili ba.

Babban dalilin shekaru ne. Ka ɗauka an jera 'yan Najeriya kaf a sahu ɗaya, daga jaririn da aka haifa jiya har tsohon da ya fi kowa. Wanda ke tsakiyar sahun ɗan shekara 18 ne. A Nijar ma bai wuce 15 ba. In aka yi wa Italiya irin wannan jeri, na tsakiya ya kusa 47. A can, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya haura 65; a nan uku ne cikin ɗari. Korona kuwa cuta ce mai duba furfura. Haɗarin mutuwa yana ninkuwa kusan duk bayan shekara shida zuwa bakwai da mutum ya ƙara, har ya zama abin da ɗan shekara ashirin zai sha panadol ya koma kan keken ɗinki, shi ne zai kai kakansa kushewa. Yaran shagonka na tabbata wasunsu sun yi ta sun warke, suka ce mura ce.

Ga kuma yadda suke ajiye tsofaffinsu. A Turai da Kanada akwai gidajen da ake tara tsofaffi, ɗari ko fiye a gini ɗaya, ma'aikata ɗaya ke zagaya su. Cutar na shiga, sai ka ce wuta a rumbun kara. A zagayen farko a Kanada, kusan takwas cikin goma na waɗanda suka mutu a irin waɗannan gidaje suke. Mu tsohuwarmu tana ɗakinta da jikoki. Jikan zai iya kawo mata cutar, ba shakka, amma tsohuwa ɗaya ce a gidan, ba ɗari ba.

Ni dai wannan garkuwa ta ƙuruciya ba na iya tinƙaho da ita. Ɗan Italiya yakan yi tsammanin shekara 83 a duniya, ɗan Najeriya hamsin da 'yan kai. Dattawan da korona za ta zo ta ɗauka a nan, ƙyanda da sanƙarau da naƙuda da hatsarin hanyar Kaduna sun riga ta tun suna yara da matasa. Ta zo ta tarar an yi mata aikin.

Yanzu ga inda Yayanka zai saurara. Baffana, ƙanen mahaifina, yana cikin gari, ya haura saba'in, yana da ciwon suga. A farkon azumin 2020 zazzaɓi ya kama shi, sai tari. Kwana uku da farawa ya ce wa matarsa ta daina zuba masa kunu ba tsamiya, alhali kunun har yana kama haƙori. Ya shafa turarensa na Juma'a ya ce an sauya masa da ruwa. Da na ji haka gabana ya faɗi, domin ɗaukewar ƙamshi da ɗanɗano na cikin alamomin da aka fi sanin cutar da su. Na ce Baffa mu tafi asibiti. Ya ce, "Ɗana, ka bar ni a ɗakina. In na shiga wurin killacewar nan ko gawata ba za a ba ku ba." Na yi magiya, na turo limamin unguwa, ya ƙi. A kwana na tara numfashi ya sarƙe, ya cika bayan asuba. Kafin azahar mun dawo daga maƙabarta. Ba gwaji, ba takardar asibiti. Sanarwar da aka aika wa dangi cewa ta yi ya rasu bayan gajeruwar rashin lafiya. A takarda Baffa bai mutu da korona ba. A takarda ma bai mutu ba.

Ka tuna makonnin nan, sau nawa ka ji wannan jimla ta "gajeruwar rashin lafiya" a rediyo? A Kano masu haƙa kabari ne suka fara kwarmata cewa aiki ya yi musu yawa a cikin Afrilu. A daidai lokacin kuma ɗakin gwajin da ke Kano ya tsaya da aiki na wasu kwanaki. Daga baya aka bi gida gida ana tambayar iyalai yadda mamacinsu ya yi jinya, sai ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga mutuwa 979 a ƙananan hukumomi takwas, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sila. Mafi yawansu dattawa ne, kuma da yawa a gida suka cika. Kano da Zariya tafiyar awa biyu ce, motocin Kwangila ba su san iyakar jiha ba.

A Najeriya mutuwa kusan ɗaya cikin goma ce ake yi wa rajista. Mu Musulmi muna gaggauta suturta mamaci, haka addini ya koya mana, kuma ba mai neman takardar shaidar mutuwa sai in akwai fansho ko kuɗi a banki. Gwajin da ƙasar nan ta yi gaba ɗaya cikin shekara uku wajen miliyan shida ne. Ingila akwai lokacin da take yin sama da miliyan a rana guda. Wanda bai jefa taru ba ai ba zai ce babu kifi a rafi ba.

Inda aka jefa tarun, an ga kifi. A Lusaka ta Zambiya masu bincike sun riƙa gwada gawarwaki a ɗakin ajiyar gawa na babban asibitin koyarwa a 2020, suka samu cutar a jikin kusan ɗaya cikin biyar, kuma kaɗan ne ƙwarai aka taɓa gwadawa suna da rai. Afirka ta Kudu, wadda ke rubuta mamatanta, ta sanar da kusan 100,000, amma da aka kwatanta da mutuwar da aka saba gani a sauran shekaru sai aka ga ƙarin ya kai wajen 300,000. Peru ta sake ƙirga nata a 2021, adadi ya tashi daga kusan 69,000 zuwa sama da 180,000 a rana ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 da 2021 mutum miliyan 5.4 aka rubuta, amma ƙarin mutuwar da annobar ta jawo ya kusa miliyan 15. A nan gida, da aka gwada jinin jama'a a Oktoban 2020, sai aka ga kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Legas da Inugu cutar ta riga ta ratsa jikinsa, a Gombe kusan ɗaya cikin goma.

Kada kuma in yi kwana da yawa. Da irin abin da ya faru a Bargamo ta Italiya, inda motocin soja suka riƙa kwasar akwatunan gawa cikin dare a Maris ɗin 2020, ya faru a Zariya, da ba sai an kawo mana alƙaluma ba. Mai sayar da likkafani zai sani, mai makara zai sani, zaman makoki zai hana kowa zuwa kasuwa. Ba mu kai can ba. Mun yi asara fiye da abin da aka rubuta nesa ba kusa ba, amma ƙasa da ta Turawa.

Zargin cin kuɗi kuwa, ruwa ba ya tsami banza. Kowa ya ga rumbunan kayan tallafi da aka fasa a jihohi da dama a Oktoban 2020, bayan talaka ya sha kulle da yunwa. Amma a ci kuɗin magani daban, a ce babu ciwo daban. Cutar da ta kama gwamnan Kaduna na lokacin a ƙarshen Maris ɗin 2020, ta kashe Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ranar 17 ga Afrilu, ba a ofis aka ƙirƙiro ta ba.

Tambaya: Baba, ni ɗaliba ce a Samaru. In dai tsufa ne dalili, ai Japan ta fi kowa tsofaffi, me ya sa ba su mutu kamar Amurkawa ba? Kuma a nan gida me ya sa Legas ta fi kowa, Kogi kuma kamar cutar ba ta je ba?

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin kama ni inda ya dace. Kusan uku cikin goma na mutanen Japan sun haura 65, duk da haka mutuwarsu wajen 600 ce a miliyan, kashi ɗaya cikin biyar na ta Amurka. Tsufa itace ne busasshe, amma sai wuta ta same shi, kuma sai ta same shi a mugun lokaci.

Bajapane ya saba sa takunkumi in yana mura tun kafin a san korona, ba sai hukuma ta bi shi da bulala ba. Ƙiba mai yawa ba ta kai mutum biyar cikin ɗari a can ba, a Amurka ta kai arba'in cikin ɗari na manya. Ƙiba da suga da hawan jini da ciwon ƙoda su ne abokan tafiyar wannan cuta. Na sha gani a wurin aiki, ɗan shekara hamsin mai suga da bai kula da shi ba yakan fi ɗan saba'in mai zuwa gona rauni.

Sai lokaci, wanda mutane ba su cika lissafawa ba. Waɗanda cutar ta auka wa a Maris ɗin 2020 sun kwanta a hannun likitocin da ba su san ta ba tukuna. Sai a watan Yuni babban gwajin da aka yi a Ingila ya nuna cewa dezametason, tsohon magani mai arha da ke kowane kemis a Tudun Wada, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. (Ban ce a je a saya a sha ba. Ga wanda ciwonsa bai yi tsanani ba, yana iya cutarwa.) Allurar rigakafi kuma sai 8 ga Disamban 2020 aka fara ta a Ingila. Duk ƙasar da ta iya riƙe ƙofa har allura ta iso, ta ci riba. Niyuzilan ta rufe iyakokinta a Maris ɗin 2020, har ƙarshen 2021 mamatanta ba su kai 60 ba. Mafi yawan Japanawan da suka kamu, sun kamu ne bayan an yi musu allura. Mu kuwa kason farko, kusan miliyan huɗu, sai 2 ga Maris ɗin 2021 ya sauka Abuja.

Akwai kuma abin da ke jiran mutum in ya isa asibiti. A Manawus ta Birazil cikin Janairun 2021 iskar oksijin ce ta ƙare, mutane suka mutu a kan gado suna kallon tukunya ba komai. Wani bincike da aka yi a asibitocin ƙasashen Afirka goma, har da Najeriya, ya nuna kusan rabin waɗanda ciwon ya kai su sashen kulawa ta musamman sun mutu cikin wata guda, alhali a sauran duniya kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Kin ga kenan, kaɗan ne a cikinmu ciwon ya kayar, amma wanda ya kayar ya fi Bature shiga uku.

Legas nan ne jiragen Turai ke sauka, nan ne cunkoso, nan ne kuma aka fi yin gwaji, shi ya sa ta kwashi sama da kashi ɗaya cikin uku na duk waɗanda aka rubuta sun kamu. Kogi mutum biyar ta rubuta, biyar tak. Yawancin motocin da suka taso daga Kudu za su Abuja sai sun sha ruwa a Lakwaja, babban birnin Kogi, ke ma kin san ba ganuwa aka yi wa jihar ba. Gwamnatinta ce ba ta yarda a yi gwaji ba. Haka Tanzaniya a zamanin Magufuli, ta tsaya a kan mutum 509 ta daina faɗa. In kin ga taswirar annoba da wuri fari tas, ki fara tambayar ɗakunan gwaji nawa ne a wurin.

Tambaya: Likita, ni uwa ce a Tudun Wada. An ce yawan zazzaɓin cizon sauro da muke yi da kulorokwin da muka sha tun muna yara su suka tsare mu. Ni kuma lokacin na dage da sirace da tazargade da citta da tafarnuwa, ba wanda ya kwanta a gidana.

Amsa: Hajiya, alhamdu lillahi da gidanki ya tsira. Kulorokwin an gwada shi da ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin a kan dubban marasa lafiya a 2020, bai rage mutuwa ba, a Legas ma har asibiti aka kai wasu da suka ɗirka shi ba ƙa'ida. Kuma wanda kika sha kina yarinya ya daɗe da barin jikinki. Tazargade shi ne ganyen da shugaban Madagaska ya yi wa jiƙo ya tallata a Afrilun 2020, bayan 'yan watanni asibitocin babban birninsa suka cika. Citta da sirace suna sa mai mura ya ji daɗin maƙogwaro, ni ma ina yi, ki ci gaba. Amma ki ƙirga mini 'yan gidan naki, nawa ne suka haura sittin? In amsar ita ce babu, ko ke kaɗai, to ki koma amsar da na ba tela.

Tambaya: Malam, ni dattijo ne a Ƙofar Doka. Ni dai na ce Allah ne ya tsare mu, kuma in wata ta sake zuwa haka zai tsare mu. Ko ka ga wani abu daban?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ba mai ja da wannan. Sai dai ka fi ni sanin abin da Sayyidina Umar ya yi da ya doshi Sham aka ce masa annoba ta sauka a can. Juyawa ya yi da jama'arsa, da aka ce ko gudun ƙaddara yake, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Tsarin Allah yakan biyo ta sababi, kuma sababin wannan karo, wato ƙuruciyar jama'armu, ba kowace annoba yake yi wa aiki ba.

Kakata ta wajen uwa tana 'yar shekara goma aka yi babbar murar 1918, marisuwa take kiranta. Ta jirgin ruwa ta shigo Legas a watan Satumba, ta biyo layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa, ta iso mana da kaka. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe wajen mutum 500,000 a Najeriya, lokacin duk ƙasar miliyan 18 ce. Ita waccan majiya ƙarfi take ɗauka, 'yan ashirin zuwa arba'in. Kaka takan ce a gidansu tsofaffi ne suka yi wa samari wanka, dawa ta nuna a gona ba mai yanka, kuma amare biyu da aka kawo gidan a shekarar ba wadda ta ga damina. Da korona irin halin marisuwa gare ta, da sahun nan namu mai ɗan shekara 18 a tsakiya shi zai fi na Italiya shan wuta.

A waccan annobar akwai tsibiran Samowa da ke tekun Fasifik, jama'a ɗaya, harshe ɗaya, an raba su gida biyu. Ɓangaren yamma da ke hannun Niyuzilan ya bar wani jirgin ruwa mai ɗauke da marasa lafiya ya sauke fasinja a Nuwamban 1918, cikin 'yan makonni mutum ɗaya cikin biyar ya mutu. Ɓangaren gabas da ke hannun Amurka gwamnansa ya tsare tashar jirgi, bai bar kowa ya sauka ba sai an killace shi. Ko mutum ɗaya ba su rasa ba. Rana ɗaya ke dukansu, abinci ɗaya suke ci.

Mu ma mun taɓa yin irin wannan. A Yulin 2014 da Patrick Sawyer ya shigo Legas da ibola, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata. Ita ta rasa ranta, amma cutar ta tsaya a kan mutum 20 a duk ƙasar, takwas suka mutu, alhali a birni mai mutum miliyoyi ta fara. Ma'aikatan da suka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da masu cutar, da yawansu a aikin rigakafin shan inna suka koyi bin gida gida, irin waɗanda ke ƙwanƙwasa mana ƙofa a nan Zariya muna ce musu maigida ba ya nan.

Mai tambaya a kan kumburin ƙafa daga Gyallesu, wasiƙarka ta iso, sai fitowa ta gaba. Kafin nan ka je a auna maka jini da fitsari, kada ka jira ni.